FARGABA DA SARƘEWAR NUMFASHI A LOKACIN NUTSO MAI ZURFI DA TUKUNYAR ISKA

Gabatarwa

A duk lokacin da kwale-kwale ya kife a kogi, ko wani ya nutse a madatsar ruwa, waɗanda ake fara nema su ne masu nutso. Mun ga haka a hatsarin jirgin ruwa na Warra a Jihar Kebbi cikin watan Mayu na 2021, mun kuma gani a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano cikin watan Nuwamba na shekarar, inda masunta da jami'an ceto suka yi ta shiga ruwa domin neman waɗanda abin ya rutsa da su. A irin wannan lokaci akan ji jama'a na cewa da akwai tukunyar iska irin wadda ƙwararru ke goyawa a baya, da aikin ya zo da sauƙi. Gaskiya ne tukunyar tana bai wa mutum damar daɗewa a ƙarƙashin ruwa, amma tana tafe da nata hatsarin, wanda bai yi kama da wanda masuntanmu suka saba da shi ba.

Babban hatsarin shi ne sarƙewar numfashi da fargabar da ke kama mai nutso idan ya yi zurfi, alhali tukunyarsa na cike da iska. Mun shirya wannan bayani ne domin jama'armu da ke zaune a bakin ruwa, da sarakunan ruwa, da hakimai da dagatai, da kuma jami'an ƙananan hukumomi waɗanda a kansu ne alhakin aikin ceto yake sauka. Manufarmu ita ce a san abin da ke kawo wannan matsala, da yadda ake gane ta, da abin da ya kamata a yi. Wannan bayani ba ya maye gurbin horo a hannun ƙwararren malamin nutso.

Mene ne nutso da tukunyar iska?

Wannan nau'in nutso, wanda a duniya aka sani da suna sikuba, shi ne mutum ya shiga ruwa ɗauke da iskar da zai shaƙa a cikin tukunyar ƙarfe. Na'urar da ta sa ya yaɗu a duniya, Faransawa biyu ne suka ƙera ta a 1943, wato Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan. Kayan aikin sun haɗa da tukunyar, da na'urar shaƙa wadda ake riƙewa a baki, da gilashin fuska, da takalman iyo masu faɗi, da rigar da ake hura wa iska domin daidaita nauyi, da ɗamarar dalma, sai agogon da ke nuna sauran iska da ma'aunin zurfi.

Akwai wani kuskure da ya kamata mu gyara tun daga farko. Mutane da yawa suna kiran wannan tukunya da sunan tukunyar oksijin. A mafi yawan lokuta iska ce irin wadda muke shaƙa yau da kullum aka tace aka ɗura da ƙarfi, wadda kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, kimanin kashi 78 kuma naitirojin. Zallar oksijin irin na asibiti yana iya jefa mai nutso cikin jijjiga irin ta farfaɗiya idan ya wuce zurfin kimanin mita 6, jijjiga kuwa a ƙarƙashin ruwa ajali ce. Don haka ba a ɗura oksijin na asibiti ko na masu walda a tukunyar nutso.

Yadda zurfi ke sauya iska

A doron ƙasa iskar sararin sama tana danne da jikinmu, sai dai mun saba da nauyinta har ba mu jin sa. Ruwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba. Duk mita 10 da mutum ya ƙara a zurfi, yana ƙara wa jikinsa matsi daidai da na iskar sararin sama baki ɗaya. Ke nan a zurfin mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku, a mita 30 ya ninka huɗu, a mita 40 kuma ya ninka biyar.

Tun a 1662 masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana cewa idan matsi ya ninka biyu, girman iska yakan ragu zuwa rabi. Idan aka hura balan-balan aka kai shi mita 10, zai tsuke zuwa rabin girmansa. Idan kuwa a can ƙasa aka cika shi aka sake shi ya taso, zai kumbura ninki biyu, ya yiwu ma ya fashe. Huhun ɗan Adam yana bin wannan doka.

A nan ne bambancin yake tsakanin nutson gargajiya da na tukunya. Basarke ko masuncin da ya ja numfashi a sama ya nutsa, kamar yadda ake gani a gasannin ruwa na bikin kamun kifi na Argungu, iskar huhunsa takan tsuke idan ya sauka, ta koma yadda take idan ya taso, ba ta wuce yadda ya shaƙe ta ba. Mai tukunya kuwa a can ƙasa yake cika huhunsa da iskar da ke cikin matsi. Idan ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ta yaga huhun. Dabarar riƙe numfashi da ta sa masunci ya zama gwani, ita ce take kashe mai tukunya. Haka kuma ba a ba mai nutson gargajiya na'ura ya shaƙa a ƙarƙashin ruwa sannan ya taso da numfashinsa a riƙe.

Matsi yana kuma shafar yawan iskar da ake ci. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa ma'auni 200 tana ɗauke da kimanin lita 2,400 na iska. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti ɗaya zai yi minti 120 da ita a sama. A zurfin mita 30 kuwa minti 30 kacal za ta yi masa. Idan ya firgita, numfashinsa ya ninka uku, cikin minti 10 ta ƙare.

Abin da ke kawo sarƙewar numfashi

Na farko, kaurin iska. A zurfin mita 30 iskar da ke shiga huhu ta ninka ta sama kauri sau huɗu. Bambancin kamar na zuƙar ruwa ne da zuƙar kunu ta tsinke guda. Iska mai kauri ba ta gudana da sauƙi a hanyoyin numfashi, musamman wajen fitar da ita, har masana sun gano cewa a wannan zurfi iyakar iskar da mutum zai iya shiga da fita da ita a minti ɗaya takan ragu zuwa kusan rabi. A wani nazari da aka wallafa a 2016, masana biyu, Gavin Anthony da Simon Mitchell, sun ba da shawarar kada kaurin iskar shaƙa ya wuce giram 5.2 a kowace lita, iyaka ta ƙarshe kuma giram 6.2. Da iska ta yau da kullum, ana kai wa adadi na farko a wajen mita 31, na biyu kuma a wajen mita 39.

Na biyu, taruwar iskar kabon dayoksaid, wato gurɓatacciyar iskar da jiki ke samarwa yake fitarwa a kowane numfashi. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, yawan wannan iska a cikin jini shi ne ke sa mutum ya ji yana matuƙar son numfashi, tun kafin oksijin ya yi ƙaranci. Mai nutson da ke aikin ƙarfi a ƙasa, kamar jan igiya, ko ɗaga kaya, ko iyo yana fuskantar igiyar ruwa, jikinsa na samar da ita da yawa, iska mai kauri kuma ta hana shi fitar da ita yadda ya kamata. Sai ya ji kamar na'urar ba ta ba shi isasshiyar iska, ya fara haki. Haki kuwa gajeren numfashi ne wanda yawancinsa a maƙogwaro da bututun na'ura yake kai da komowa, bai wanke can cikin huhu ba. Gurɓatacciyar iskar sai ta ƙara taruwa. Wasu masu nutso kan jinkirta numfashi da gangan domin tukunya ta daɗe, wannan ɗabi'a ma tana kai su ga wannan hali, alamarta kuma ita ce matsanancin ciwon kai bayan an fito.

Na uku, mayen zurfi. Iskar naitirojin da ba ta yi mana komai a sama, idan matsinta ya ƙaru takan taɓa ƙwaƙwalwa kamar yadda abin maye ke yi. Likitan sojan ruwan Amurka Albert Behnke da abokan aikinsa ne suka tabbatar a 1935 cewa naitirojin ne sanadin wannan hali. Yakan fara bayyana sosai daga wajen mita 30. Wani yakan ji nishaɗi da rashin damuwa, wani kuma ya ji tsoro marar dalili, tunaninsa ya yi nauyi, ya kalli agogon iska ya kasa fahimtar abin da ya gani. Taruwar kabon dayoksaid, da sanyi, da duhu, duk suna ƙara masa ƙarfi. Mayen yakan gushe cikin ɗan lokaci da zarar mutum ya ɗan rage zurfi. A garuruwanmu idan mai nutso ya fito ya ce ya ji kamar an danne masa ƙirji, ko ya ga wasu abubuwa a ƙasa, akan danganta abin da 'yan ruwa. Muna kira ga jama'a da cewa ko me aka ɗauka game da abin, a fara kai mutumin ga likita.

Na huɗu, matsalar kayan aiki. Na'urar shaƙa da ba a gyara ta a kan kari ba takan yi tauri. Bakin tukunya da ba a buɗe sosai ba yakan ba da iska lafiya a sama, ya gaza a ƙasa. Riga ko ɗamarar da ta matse ƙirji tana hana cikakken numfashi. Dalma da ta yi yawa tana sa mutum ya yi ta fafutukar hana kansa nutsewa har ya gaji. Mafi muni shi ne gurɓatacciyar iska tun daga wajen ɗurawa. Idan injin ɗura iska yana kusa da salansar janareta ko ta mota, yakan zuƙo hayaƙi mai ɗauke da kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kawo ciwon kai da jiri da suma.

Na biyar, taruwar ruwa a huhu. Wannan ciwo ne da likitoci suka ƙara fahimta a shekarun baya-bayan nan. Shiga ruwa yana tura jini zuwa ƙirji, a wasu mutane kuma, musamman masu hawan jini ko ciwon zuciya, ruwan jiki yakan tsatso cikin huhu ko da ba su shaƙi ruwa ba. Alamominsa su ne tari, da ƙarar numfashi, da kaki mai kumfa wanda wani lokaci yake da jirwayen jini. Hutawa ba ta kawar da shi, kuma yakan tsananta yayin da mutum ke tasowa.

Yadda fargaba ke zama firgici

Fargaba a kan kanta ba aibi ba ce. Ƙwararrun masu nutso ma suna jin ta, takan kuma sa mutum ya kula da kansa. Illar tana zuwa ne idan ta haɗu da sarƙewar numfashi, domin kowace tana ciyar da 'yar'uwarta. Tsoro yana sa numfashi ya zama gajere da sauri, gajeren numfashi yana tara kabon dayoksaid, ita kuma tana aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa ana shaƙe mutum, sai tsoron ya ƙaru. Cikin minti ɗaya ko biyu mutum mai hankali da ƙarfin hali zai iya kaiwa matsayin da tunani ya ɗauke masa, babu abin da ya rage a ransa sai ya ga sama.

A wannan matsayi ne ake ganin abubuwan ban mamaki. Mai nutso ya tofar da na'urar da ke ba shi iska, ya fizge gilashin fuskarsa, ya ƙi karɓar na'urar da abokinsa ke miƙa masa, ya nufi sama da gudu numfashinsa a riƙe. An sha tsamo gawar mai nutso a tarar tukunyarsa da sauran iska, kayansa kuma lafiya lau.

Ƙwararru ba su raina wannan hatsari. A 2018 yara 12 'yan ƙwallon ƙafa da kocinsu sun maƙale a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan bayan ruwa ya cika hanyar fita. Da aka zo fitar da su ta ƙarƙashin ruwa a watan Yuli, abin da masu ceto suka fi tsoro shi ne yaro ya firgita a tsakiyar hanya ya halaka kansa da mai ɗauke da shi. Saboda haka likita Richard Harris ɗan ƙasar Ostireliya ya yi musu allurar barci kafin a ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, duka 13 kuma suka fito da rai.

Ruwayenmu na cikin ƙasa suna da abubuwan da ke ƙara rura fargaba. Ruwan koguna da madatsu irin su Kainji, Tiga, Goronyo da Shiroro yakan yi laka musamman da damina, har mutum ya kasa ganin tafin hannunsa. Ƙasan madatsa ya fi samanta sanyi. Akwai kututturan itatuwa da tsofaffin kalli da komar masunta da ke sarƙe ƙafa, ga kuma ƙarfin jan ruwa kusa da ƙofofin madatsa. Bugu da ƙari, neman gawa a cikin duhu da lalube aiki ne mai nauyi a zuciya, ko ga wanda ya saba.

Alamomin da za a lura da su

Tun kafin shiga ruwa ana iya gane wanda hankalinsa bai kwanta ba. Wani surutunsa yakan yi yawa, wani ya yi shiru fiye da yadda aka san shi, wani ya yi ta jinkiri ko ya riƙa kuskure wajen haɗa kayan da ya saba haɗawa. A cikin ruwa kuma alamomin su ne kumfar numfashi da ke fita babu tsayawa, da zare idanu, da iyo da hannuwa barkatai, da ƙanƙame igiya ko abokin nutso, da rashin amsa alamar hannu. Wanda ke tsaye a sama yana iya lura da yadda kumfa ke tasowa: idan ta ƙaru ƙwarai ko ta tsaya, akwai matsala.

Masu nutso a duniya suna da alamomin hannu da suka yi tarayya a kai. Haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe yana nufin lafiya lau. Shimfiɗa tafin hannu a karkata shi dama da hagu yana nufin akwai matsala. Ɗaga babban yatsa sama yana nufin mu tashi, ba yabo ba ne kamar yadda aka saba a gari. Gitta hannu a maƙogwaro yana nufin iska ta ƙare.

Abin da mai nutso zai yi idan abin ya same shi

1. Ya dakata da duk abin da yake yi. Ya riƙe igiya ko wani abu mai ƙarfi domin jiki ya huta.

2. Ya bar na'urar shaƙa a bakinsa, ya kuma mai da hankali ga fitar da numfashi. Ya fitar da shi a hankali har ƙarshe, sannan ya ja cikakke. Fitarwar ce ke rage gurɓatacciyar iskar da ta jawo ƙuncin.

3. Ya dubi agogon iska, ya tabbatar wa kansa cewa akwai saura. Idan allurar agogon tana faɗuwa duk lokacin da ya ja numfashi, bakin tukunyar bai buɗe sosai ba, sai abokinsa ya buɗe masa.

4. Ya yi wa abokinsa alamar akwai matsala. Zurfin ciki ba shi da wuri a ƙarƙashin ruwa.

5. Su ɗan taso tare na 'yan mitoci, a hankali. Sau da yawa wannan kaɗai yakan sa iska ta yi sauƙin shaƙa, kai kuma ya washe.

6. Idan abin bai lafa ba, ko akwai tari, a kawo ƙarshen nutson. A taso a hankali, kimanin mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya, ana numfashi ba tare da riƙewa ba, a kuma tsaya minti 3 a zurfin mita 5 idan hali ya ba da dama.

7. Da isa sama ya hura rigarsa domin ta ɗauke shi, idan ya cancanta ya saki ɗamarar dalma.

Abokin nutso kuma ya tsaya a gabansa inda zai gan shi, ya riƙe shi ta madaurin riga, ya nuna masa da hannu yadda zai sassauta numfashi.

Illar tasowa da gaggawa

Illa ta farko ita ce yagewar huhu, wadda ke iya faruwa ko a zurfin da bai kai mita 2 ba idan an riƙe numfashi. Iska takan shiga jijiyoyin jini ta toshe hanyar ƙwaƙwalwa, mutum ya suma ko ɓarin jikinsa ya shanye cikin mintoci kaɗan da fitowa. Mita 10 na ƙarshe kafin sama su ne mafi hatsari, domin a nan ne iska ke ninka girmanta biyu.

Illa ta biyu ita ce ciwon tasowa. Naitirojin yakan narke cikin jini da tsoka gwargwadon zurfi da daɗewa. Idan aka taso da sauri sai ya yi kumfa, kamar yadda lemon kwalba ke yi idan an buɗe shi farat ɗaya. Alamominsa su ne ciwon gaɓoɓi, da kasala mai tsanani, da sanyin ƙafa ko hannu, da jiri, da riƙewar fitsari, kuma suna iya bayyana bayan awoyi. John Scott Haldane ne ya fitar da jadawalin tasowa mataki-mataki na farko a 1908 domin sojan ruwan Ingila. Bisa jadawalan da ake amfani da su a yau, mai nutso a mita 30 yana da kimanin minti 20 ne kawai kafin tsayawa a hanya ta zama tilas a kansa.

Muna da misali a ƙasarmu. A ranar 26 ga Mayu, 2013, jirgin ruwa mai suna Jascon 4 ya kife a tekun da ke gaɓar yankin Neja Dalta, ya nutse zuwa kimanin mita 30. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale, shi kaɗai ya tsira cikin mutum 12. Da masu nutso suka same shi, ba su fito da shi sama kai tsaye ba, domin jikinsa ya riga ya cika da naitirojin. Sun lallashe shi, suka sanya masa kayan shaƙa, suka kai shi ɗakin matsin iska, inda ya yi fiye da kwana biyu ana rage matsin sannu a hankali. Daga baya shi kansa ya koyi aikin, ya zama ƙwararren mai nutso a 2015.

Taimakon gaggawa

Idan mai nutso ya fito da ɗaya daga cikin alamomin da muka ambata, a kwantar da shi a miƙe, a cire masa kaya masu matsi, a ba shi oksijin na asibiti da wuri idan akwai, a kuma garzaya da shi asibiti. Idan ba ya numfashi a fara danna ƙirji da hura masa iska a baki. A kira lambar gaggawa ta ƙasa, wato 112. Kada a mayar da shi cikin ruwa da sunan gyara, kada kuma a ɗura masa wani abu a baki idan ba ya cikin hayyacinsa. A gaya wa likita zurfin da ya kai, da daɗewar da ya yi, da yadda ya taso. A ajiye tukunyarsa yadda take domin a binciki iskar ciki. Cikakken maganin ciwon tasowa shi ne ɗakin matsin iska, wanda ba a samunsa a asibitocin karkara, saboda haka dole a san inda za a nufa tun kafin a fara aiki.

Waɗanda bai kamata su yi wannan nutso ba

Masu farfaɗiya, da masu cutar sikila, da mata masu juna biyu, da wanda huhunsa ya taɓa sacewa haka kawai, bai kamata su yi nutso da tukunya ba. Masu asma, da hawan jini, da ciwon zuciya, da ciwon suga, da wanda ya taɓa yin tarin fuka, da mai fama da yawan firgita, sai likita ya duba su ya amince. Mai mura ko zazzaɓi ya jira sai ya warke. Giya, da tabar wiwi, da ƙwayoyi irin su tiramadol, da maganin da ke sa barci, suna ƙara mayen zurfi, wasunsu kuma suna danne numfashi ko su jawo jijjiga.

Shawarwari ga jami'ai da shugabannin al'umma

Iya iyo daban, horon nutso da tukunya daban. Hausawa na cewa ruwa kan ci gwani, saboda haka kada a miƙa kayan nutso ga wani don kawai an san shi jarumi ne a ruwa. A nemi takardar shaidar horo. A tsarin manyan ƙungiyoyin horarwa na duniya, mai matakin farko ba ya wuce mita 18, mai mataki na gaba yana kaiwa mita 30, iyakar nutson da ba na musamman ba kuma ita ce mita 40. Abin da ya wuce haka aikin ƙwararru ne masu amfani da gaurayen iska da aka sa wa hiliyom domin rage kauri da maye. Aikin ceto da aikin madatsa kuma suna buƙatar horo na daban a kan wannan.

Kada mutum ɗaya ya shiga shi kaɗai. A samu mai kula a sama riƙe da igiya da agogo, da wani mai nutso a shirye domin ko-ta-kwana, da oksijin da mota a bakin ruwa. Idan a madatsa ne, a tabbatar hukumar da ke kula da ita ta rufe ƙofofin da ke kusa. A kai na'urorin shaƙa gyara bisa ƙa'idar kamfanin da ya ƙera su, a riƙa gwada tukwane, a kuma nisanta injin ɗura iska daga duk wani hayaƙi.

A kuma lura da tudun wuri. Jadawalan nutso na yau da kullum an yi su ne domin wuraren da ba su wuce mita 300 a kan matakin teku ba. Kano tana sama da mita 400, Jos kuwa, inda ake da tafkunan tsofaffin ramukan haƙar kuza, tana kimanin mita 1,200. A irin waɗannan wurare sai an yi amfani da lissafin da ya dace da tudu. Haka nan wanda ya yi nutso ya jira aƙalla awa 12 kafin ya hau jirgin sama, idan kuma ya yi nutso fiye da ɗaya, awa 18.

Abu na ƙarshe shi ne matsin lamba. Mun san irin halin da ake shiga a bakin ruwa idan iyaye na kuka, jama'a sun taru, manya kuma suna jiran sakamako. A irin wannan hali mai nutso yakan ji kunyar cewa ya gaji ko yana jin tsoro, sai ya koma ruwa alhali bai kamata ba. Doka ce a wajen masu wannan sana'a cewa kowane mai nutso yana da ikon fasa nutso a kowane lokaci, ba tare da an tuhume shi ko an yi masa gori ba. Haƙƙin shugaban da ke wurin ne ya kare masa wannan iko, ya kuma bayyana wa dangin mamaci dalilin dakatawa idan dare ya yi ko ruwa ya yi ƙarfi. Idan an tabbatar aikin ya koma na neman gawa, babu dalilin da zai sa a ƙara wata a kai.

Kammalawa

A taƙaice, sarƙewar numfashi a zurfi galibi daga kaurin iska da taruwar kabon dayoksaid take tasowa, fargaba kuma ta ƙara mata wuta, abin da ya fi halaka mutane kuwa shi ne gudu zuwa sama. Maganin a ƙarƙashin ruwa shi ne dakatawa, da fitar da numfashi a hankali, da sanar da aboki, da tasowa sannu. Maganin a bakin ruwa kuma shi ne horo, da kayan aiki masu kyau, da shugabannin da ba sa tilasta wa mai nutso. Muna roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni, sarakunan ruwa da jami'an ƙananan hukumomi da su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su samu damar karantawa ba, musamman matasan da ke sha'awar wannan sana'a. Allah Ya kiyaye mu baki ɗaya.